Tambaya da Amsa: An canza wa na'urar karatu sikirin, rubutu ya koɗe kamar tsohuwar atamfa

Wasiƙun wannan makon daga Legas suka fito, kuma kusan duk kuka ɗaya suke yi: na'urar karanta littattafai irin su Kindle, Kobo da PocketBook ta fashe, an kai ta gyara, an saka sabon sikirin, ta dawo tana aiki amma rubutun ba daɗin kallo. Mun zaɓi biyar daga ciki, masu gyaran da ke amsa tambayoyin wannan fili suka duba su.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina koyarwa a wata Islamiyya a Agege. An matse jakata a cikin motar haya ta danfo, sikirin ɗin na'urar karatuna mai inci 6 ya tsage ta ciki. Na kai ta Ikeja aka saka wani. Yanzu farin shafin ya zama toka-toka, baƙin ya koɗe, kuma shafin da na wuce yana barin inuwarsa a kan na gaba. Mai gyaran ya ce haka sabo yake, zai washe da kansa. Gaskiya ne? — Wata malama, Agege

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ba zai washe da kansa ba. Wannan sikirin ba sabon takalmi ba ne da zai saki in an sha yawo da shi. Amma kafin ki koma Ikeja ki kashe kuɗin mota, akwai abubuwa uku da za ki duba a gida.

Ki sa farce a kusurwar sikirin ki ji ko akwai leda. Sabon sikirin yana zuwa da leda mai kare shi daga ƙarzuwa, kuma ana yawan manta ta a ciki, wani lokaci har a rufe bakinta da murfin gaba. Ledar kan sa komai ya yi hazo-hazo. Sannan ki cika batir ya kai ƙarshe, ki danne maɓallin kunnawa har na'urar ta mutu ta sake tashi. A Kindle kusan daƙiƙa 40 ake riƙe shi. Yin barci da farkawa bai wadatar ba, domin wasu na'urorin ba sa karanta bayanan sabon sikirin sai lokacin da suke tashi daga farko. Na uku, ki shiga saitin karatu ki kunna wanke shafi a kowane juyi. A Kindle sunansa "Page Refresh", a Kobo kuma ana zaɓar bayan shafi nawa za a riƙa wankewa. Idan inuwar ta tafi bayan wannan, to dama saiti ne ya koma na masana'anta.

Idan duk an yi haka toka-tokar na nan, mafi yawa matsalar wata lamba ce da ake kira VCOM, kuma a nan ne masu gyaran waya ke tuntuɓe, don wayar hannu ba ta da irin wannan rigima.

Sikirin ɗin waya fitila ne. Na na'urar karatu kuwa tawada ce ta gaske. A ƙarƙashin fuskarsa akwai miliyoyin ƙananan ƙwanso, kowanne kaurinsa kamar silin gashi, cike da ruwa garai, a ciki kuma akwai garin fari da garin baƙi masu cajin lantarki kishiyar juna. Idan aka ba ɗigo, wato ɗaya daga ƙananan ɗigogin da ke haɗuwa su zama hoto, wuta ta gefe ɗaya, farin ya taso sama baƙin ya nutse. Aka juya wutar, baƙin ya taso. Da zarar sun zauna, ba sa buƙatar wuta kuma. Shi ya sa batir ke yin makonni, shi ya sa kuma fasasshen sikirin ke riƙe da rabin hoton ƙarshe har abada.

Wutar da ke tura garin nan bolt 15 ce sama da sifili, ko 15 ƙasa da sifili. To amma daga ina ake fara ƙirga sifilin? Ki tuna sikelin mahauci a mayankar Oko-Oba. Idan allurar ba ta zauna a kan sifili ba tun kafin a ɗora nama, duk awon ranar zai karkace gefe ɗaya, ko da sikelin lafiyarsa ƙalau. VCOM shi ne ɗan sukurin da ake murzawa a zaunar da allurar. Kowane ɗigo a sikirin yana da ɗan makunni nasa a jikin gilashin baya, kuma duk lokacin da makunnin ya rufe yakan ja wutar ɗigon ƙasa kaɗan. Yawan wannan ja ya bambanta daga sikirin zuwa sikirin, ko da samfurinsu ɗaya. Don haka masana'anta ke auna kowanne, ta rubuta lambarsa a 'yar sitika a jikin fileks, siririyar igiyar da ke haɗa sikirin da bod (allon lantarkin na'urar), ko a bayan sikirin: misali -1.78V, ko -2.05V. Yawancinsu tsakanin -1 da -3 suke faɗawa. Takardun bayanin irin waɗannan sikirin suna neman a saita VCOM kada ya kauce wa lambar da aka rubuta da fiye da 0.1.

Yanzu ki duba abin da ya faru da taki. A ce tsohon sikirin -1.60 ne, sabon kuma -2.20. Injin na'urar bai san an yi canji ba, yana nan yana ba da -1.60. Kowane juyin shafi, ana tura garin gefe ɗaya fiye da ɗayan. Farin bai gama tasowa ba, ko baƙin bai gama tasowa ba, ragowar shafin baya kuma ta maƙale. Wannan ne toka-tokar da inuwar da kike gani. Kuma bai kamata a bar shi haka wata da watanni ba, domin turi na gefe guda yana gajiyar da tawadar, har ta kai inda ko an gyara lambar ba za ta dawo yadda take ba.

Abin da za ki ce wa mai gyaran a taƙaice yake: "Oga, lambar VCOM ta sabon sikirin nawa ce, kuma nawa bod yake bayarwa?" Idan ya ɗauko mita, ki zauna ki jira. Idan ya tsaya yana kallonki, ki karɓi kayarki da tsohon sikirin ɗin, ki nemi wanda ya saba da irin wannan na'ura. Tsohon kada ki bar shi a shago, amsa ta uku za ta nuna miki dalili.

Wani abu kuma don kada a zalunci mai gyara: farin wannan sikirin bai taɓa zama farin takarda ba. Ko sabo fil daga kwali, abin da yake mayarwa na hasken da ya faɗa masa bai kai rabi ba. Idan taki mai fitilar gefe ce, ki gwada ta da hasken da kika saba, kada ki kwatanta ta a kashe da abin da idonki ke tunawa a kunne.

Tambaya: Ina koyon gyaran waya a kasuwar Computer Village, shekarata ta biyu ke nan. An kawo wa ogana Kindle da wata tsohuwar na'ura, ya ce ni zan yi. Na sa mita a wurin da aka rubuta VCOM a bod, ba ta nuna komai ba sai sifili. Ic ɗin wuta ne ya mutu? — Ɗan koyo, Ikeja

Amsa: Ƙanena, ajiye hita tukuna, kada ka ɗaga lafiyayyen ic, wato guntun da ke ba sikirin wuta. Sifilin da ka gani daidai ne. Wutar sikirin ba ta tsayawa a kunne. Tana tashi ne kawai lokacin da shafi ke juyawa, ƙasa da daƙiƙa ɗaya ko kusa da haka, sai ta mutu. Wanda ya saba da waya, inda layin sikirin ke nan muddin fuska na haske, dole wannan ya ruɗe shi.

Ga yadda ake yi. Mita a kan DC, zangon bolt 20. Baƙin tsinken mitar ka maƙala shi da kilif a jikin ƙarfen bakin caji ko murfin ƙarfen bod, don hannunka ɗaya ya samu 'yanci. Jan tsinke a kan ɗigon VCOM. Sai wani ya riƙa juya shafi a jere ba tsayawa, ka karanta lambar da ta fi maimaituwa. Idan mitarka tana da maɓallin riƙe mafi ƙanƙanta da mafi girma, yi amfani da shi, lambar ƙasa da sifili ce kake nema. Mita mai arha tana da nawa, wani lokaci sai ta nuna maka rabin lambar kafin wutar ta ɗauke, don haka kada ka yanke hukunci da juyi ɗaya.

Tunda kana wurin, auna sauran layukan guda huɗu. VPOS ya ba ka kusan +15, VNEG kusan -15, kuma su biyun su yi kusan daidai da juna, domin idan ɗaya ya ba da 15 ɗayan 12, alamar da za ka gani iri ɗaya ce da ta VCOM da ya kauce. Layukan makunnai kuwa kusan +22 da -20 ne, sai ka ɗaga zangon mitar kafin ka taɓa su. A bod da yawa guntu ɗaya ne ke haifar da duk waɗannan, irin TPS65185 na Texas Instruments ko MAX17135 na Maxim. Idan layi ɗaya ya faɗi, fara zargin ƙananan kafasito da dayod da ke kewaye da guntun, da kuma batir. Batirin da ya tsufa yakan nuna 3.9 a zaune, amma ya durƙushe da zarar shafi ya nemi wuta. Ka gwada da batir mai kyau kafin ka taɓa komai.

Ka naɗe jan tsinken da tef, ka bar bakinsa kaɗai. Ɗigogin nan kusa-kusa suke, kuma tsinke ya zame ya haɗa +22 da layin bayanai, sikirin da injin duk sun tafi a tare.

Gyaran lambar kuma ya danganta da irin na'urar, kashi uku ne. Tsofaffi da dama suna da ɗan ƙaramin abin murzawa a bod kusa da soket ɗin sikirin. Ka yi masa alama da biro inda yake, ka murza da sukudireban roba ko na tangaran, kaɗan-kaɗan, kana juya shafi kana aunawa, har mita ta faɗi abin da sitika ta faɗa. Da mita ake saitawa, ba da ido ba. Ido yakan so baƙin ya fi haka baƙi, ya kai ka ka wuce lambar, mai kaya ya yi murna yau, bayan wata biyu ya dawo da inuwa. Kashi na biyu su ne waɗanda sikirin ke ɗauke da bayanansa a ɗan guntu a jikin fileks, injin ya karanta da kansa lokacin tashi; Kindle da yawa haka suke, kuma in sikirin na asali ne, sake tayar da na'urar ya isa. Kashi na uku, lambar tana cikin ma'adanar bod, sai an shiga ta manhajar gyara ko ta layin siriyal an rubuta sabuwa. TPS65185 yana karɓar VCOM daga 0 zuwa -5.11, taki-taki na 0.01, don haka guntun zai iya ba da kowace lamba. Samun ƙofar shiga ne aikin, kuma kowane kamfani da tasa hanyar. Idan ba ka da ita, mafita ita ce ka nemi sikirin da lambarsa ta yi kusa da ta tsohon. Masu sayarwa da ke da su da yawa za su iya duba maka sitika in ka roƙa.

Kuma kada ka taɓa zare ko cusa fileks batir na haɗe. Wannan na'ura ba ta nuna maka ko a kashe take, tunda hoto na nan a fuska ko babu wuta.

Tambaya: Na yi odar sikirin ta intanet don Kindle ɗina. Girman ɗaya, soket ya shiga daram. Rubutu yana fitowa, amma hotuna sun zama dabbare-dabbare, wurin da ya kamata ya zama toka mai laushi ya zama baƙi ƙirin ko fari fat. Mai gyara ya auna VCOM ya ce daidai yake. To me ya rage? — Wani ɗan kasuwa, Alaba

Amsa: Alhaji, shigar soket ba shaida ba ce. Lambar samfurin da ke bayan sikirin ita ce shaida, kuma sai ta dace baki da baki. Dubi waɗannan: ED060SC4, ED060SC7, ED060XC3, ED060KD1. Duk 060 ne, wato inci 6. Amma na farko tawadar Vizplex ce ta tsohon zamani, na biyu Pearl ne na Kindle mai madannai na 2010, duka biyu ɗigo 600 sau 800. Na uku na Kindle Paperwhite na farko ne mai 758 sau 1024. Na huɗu na Paperwhite na uku ne mai 1072 sau 1448. Tawadar kanta ta sha canji: bambancin baƙi da fari a Vizplex kusan 7 da 1 ne, a Pearl 10 da 1, a Carta da ta fito a 2013 kuma 15 da 1. Wanda aka cire masa Carta aka saka masa mai tsohuwar tawada zai ga koɗewa ko da an saita komai daidai, kuma babu mitar da za ta gyara wannan.

Abin da ka bayyana kuwa, lalacewar toka alhali baƙi da fari suna fitowa, ya fi kama da matsalar jadawalin bugu, wanda masu gyara ke kira wefom. Sikirin nan yana nuna matakin toka 16. Don a kai ɗigo daga mataki na 3 zuwa na 11, ba a rage masa wuta. Ana buga masa cikakkiyar wutar ne gaba da baya, sau kaza nan sau kaza can, cikin tsari da aka auna. Jadawalin ya ƙunshi tsarin kowane mataki zuwa kowane mataki, kuma a maimaita shi duka don kowane zangon zafi. Wannan ƙyaftawar baƙi da fari da kake gani in shafi ya wanke, jadawalin ne ke aiki. Ana yin sa ne don rukunin tawadar da aka zuba a wannan sikirin. Ka ba sikirin jadawalin wani, zai kai baƙi da fari tunda su ne bango biyu, amma matakan tsakiya za su watse.

A sikirin mai guntu a fileks, jadawalin yana cikin wannan guntun mai ƙafa takwas. Sikirin mai arha yakan zo da guntun wayam, ko ɗauke da jadawalin wani samfuri, musamman wanda aka ciro daga wata na'ura aka sake masa fileks. A nan tsohon sikirinka yake da amfani: masu gyara kan ɗaga guntun daga fasasshen su dasa a sabon. Dabara ce mai aiki idan samfurin ɗaya ne, amma ka sani rabin magani ce, domin bayanan tsohon ne ke tuƙa sabon, har da lambar VCOM ɗinsa idan a nan take ajiye. Bayan dashen sai an sake aunawa an kwatanta da sitika. Mu dai a ganinmu, in mai sayarwa yana karɓar mayarwa, mayar masa ya fi wannan wahala. Nan gaba kuma ka buɗe na'urar ka ɗauki hoton lambar bayan sikirin kafin ka yi oda, ka ce mai sayarwa ya turo maka hoton tasa.

Tambaya: Tun da aka canza min sikirin, a ɗaki lafiya lau, amma in ina karatu a tashar bas ta BRT da rana sai rubutun ya dusashe da zarar na juya shafi. — Wata ɗaliba, Idi-Araba

Amsa: Ƙanwata, abu biyu ne ke iya jawo wannan. Garin tawada yana gudu da sauri a ruwa mai ɗumi, don haka na'urar tana auna zafi ta zaɓi jadawalin da ya dace. Ma'aunin yana cikin na'ura, rana kuwa fuskar take duka, sai sikirin ya fi abin da aka auna zafi. Kindle ma an yi ta ne don aiki tsakanin digiri 0 da 35, kuma baƙar na'ura a ranar Legas ta watan Maris tana wuce haka cikin 'yan mintuna. Na biyu, haske mai ƙarfi yana sa makunnan ɗigo su yi yoyon wuta a daidai lokacin juyi, kuma wasu sikirin sun fi wasu wannan rauni.

Ki gwada: ki kare fuskar da tafin hannu ko mayafi, ki juya shafi, sannan ki buɗe. Idan ya fito baƙi sosai ya kuma tsaya haka a rana, haske ne, kuma laifin sikirin ne, ba na saiti ba. Idan bai gyaru ba sai na'urar ta huce, zafi ne; a duba ko an mayar da ma'aunin zafin wurinsa lokacin gyara.

Tambaya: Littattafan da na saya a cikin na'urar suna fita tas. Amma littattafan Larabci na PDF da ake turo min ta WhatsApp, wasullan ba sa ganuwa sosai. Sikirin ne aka saka min mara kyau? — Wani malami, Mile 12

Amsa: Allah gafarta Malam, sikirinka lafiya lau. Da shi ne, da duka littattafan sun koɗe tare. Waɗannan PDF hoton shafi ne aka ɗauka daga bugaggen littafi, takardar ta yi ruwan ƙasa, tawadar ba ta cika baƙi ba. Idan aka matse babban shafi ya shiga inci 6, siririn layi kamar fataha ko kisira bai kai faɗin ɗigo ɗaya ba, sai na'urar ta nuna shi da toka mai haske.

Ka kwantar da na'urar a gicciye, shafin zai ƙara girma da kusan kashi ɗaya cikin uku. Ka yanke farin gefen shafi idan manhajar ta yarda. Manhajar KOReader, wadda ake sakawa a Kobo da PocketBook ba tare da wahala ba, tana da wurin ƙara duhun rubutun PDF da yanke gefe da kanta. A Kindle kuwa sai an fasa makullin manhajar kafin ta shiga, kuma ba ma ba da shawarar haka ga wanda bai saba ba. Mafi sauƙi shi ne a gyara fayil ɗin a kwamfuta tun kafin a tura shi: a mayar da shafukan baƙi da fari zalla a kan ɗigo 300 a kowane inci, a duba shafi biyu ko uku a tabbatar wasulla da ɗigogin haruffa ba su ɓace ba, in sun ɓace a ƙara duhun kaɗan a sake.